Gaturan Dutsen da Aka Tono a Kalmalo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Illela nake rubutowa.

Na ji ka ce masana kayan tarihi na duniya sun taru kan ceto abin da ke binne kafin katafila ta iso. Wallahi raina ya ɓaci. Bara ana haƙar marmara kusa da Kalmalo, katafila ta tono tukwane da gaturan dutse. Na roƙi direban ya dakata, ya ce, "Mi za a yi da tsingaro?" Kawuna ya kwashe gaturan, wai na aradu ne, ya niƙa su ya yi wa yara maganin firgita.

Malam, wa za mu kira in an sake tonowa? Wancan tarihin kam, yaranmu sun shanye shi a kunu.