Bidiyon Jirgin da Ya Hana Ni Dawowa Gida

Salamu alaikum Hajiya mai gabatarwa. Ni ne Sabi'u, Bakano, daga Guangzhou.

Bara maigidana ya aike ni Shanghai, na hau jirgin ƙasa mai maganaɗisu, wanda ba ya taɓa dogo. Don ɗoki na tura wa Baba bidiyo. Tsohon direba ne, duk tasha sai da ya nuna wa.

Alhali ɗaurin dilar wanduna nake a Xintang, nan gefen Guangzhou, ko 'yata da aka haifa bayan tahowata ban taɓa gani ba. Da na ce zan dawo, Baba ya ce, "Gwamnatinsu ta sa jirgi shawagi, ka baro ka dawo wa ramukan hanyarmu? Zauna!"

Jama'a, ku ba ni shawara. Baba, na san kana saurare: wallahi sau ɗaya na hau jirgin nan.