Shawul ɗin Guntayen Zare

Kuɗin motar da ya kai ni Jos daga komar kakanku ta kamun kifi ya fito. Ina fita takaba na sauke ta daga inda ya rataye ta, na haɗa da goransa na su, na kai wa wani abokin sana'arsa a bakin kogin Gashuwa. Ya yi mini tayin wulaƙanci, na ce albarka. Ya ɗan ƙara, na sallama. Na ƙulle a bakin zane, na bar Sale da Habu wurin kawunsu, na hau mota. Ke Ummi, ajiye wayar nan ki saurara, tunda ke kika ce saƙa wahalar banza ce, gara ki sayo wa ƙawarki kayan barka na kanti a leda.

Wata 'yar garinmu mai sayar da fura a can ita ta haɗa ni da Madam Ladi mai shagon saƙa. Kekunan saƙa ne a jere, 'yan mata na ja suna turawa, ƙara kamar injin casar shinkafa. Madam ta dube ni sama da ƙasa.

"Mama Yobe, ka iya shara?"

Mace da ni, da zanena da kallabina, tana ce mini "ka". Haka Hausarsu take, kowa namiji ne, har akuya mai ciki.

"Na iya."

"Yaranka nawa?"

Na ce, "Biyu, maza."

Ku riƙe biyun nan. Uku na haifa. Amma ina aka taɓa jin mace mai kunya ta lissafa 'yar fari a gaban mutane? Waccan, uwar Ummi, tun ranar yaye Yaya Falmata ta goya ta zuwa Nguru ta riƙe. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa miƙa mata ko alewa hannu da hannu ba. Haka uwata ta yi mini, haka na yi.

Sanyin garin kuwa, ba a magana. Na kunna kaskon garwashi a ɗakin haya, mai gidan ya zo yana dukan ƙofa.

"Za ka ƙona mini gida!"

"To ara mini bargon matarka."

Bai ƙara zuwa ba. A shago kuma kullum sai na ji ana "kwastoma na zuwa, kwastoma na zuwa". Na ɗauka kwastan ne masu kama shinkafa, har na ɓoye 'yar tsarabar da na zo da ita ƙarƙashin benci. Ashe mai saye ne kawai ake yi wa wannan rawar jiki.

Ba wanda ya koya mini saƙa. Ina shara ina satar kallon yarinyar da ke ƙarasa wuyan suwaita da tsinke. Hannun da ya tashi da saƙar faifai da tabarmar kaba, zaren ulu zai gagare shi? Na roƙi wayar ƙafar keke guda biyu wurin mai faci, na wasa bakinsu a dutse suka zama tsinken saƙa. Zare kuwa, kullum tsintsiyata sai ta tara guntaye, ja da kore da ruwan ɗorawa, wani bai fi kamu ɗaya ba. Na tambayi Madam, "Waɗannan fa?" Ta ce, "Kai bola." Na kai su bakin zanena.

Ana nan Yaya ta kira ni ta wayar mai fura. Ta ce, "Yarinyar nan fa ta yi nauyi." Na ce, "Allah ya raba lafiya," kamar an ba ni labarin 'yar maƙwabta. Amma ranar na ɗora shawul a kan tsinke. Guntu na ƙarewa in ƙulla wani, da irin ƙullin da kakanku ke gyaran koma da shi, wanda ko kifin giwan ruwa ba ya warware shi. Ƙullin duk na tura shi baya, gaban ya fito sumul, launi na bin launi kamar faifan amarya. Wata da watanni ina yi, lokacin da 'yan mata suka fita cin abinci.

Sai ga kira na biyu: ta sauka, mace, suna ranar Alhamis. Ya zo daidai da Madam ta karɓi babbar oda ta suwaitar 'yan makaranta, kowa a shago kamar zai ci wani. Ga shi kuma ƙunshin zare guda ya ɓace, tana ta zargin kowa. Na same ta a kan teburinta.

"Madam, zan je gida. An yi haihuwa."

"Wa ya haihu?"

"Wata yarinya ce a gidan yayata."

"Yaran yayanka ne zai tsayar mini da aiki? Ba inda za ka."

Kalma ɗaya ce za ta buɗe mini ƙofa, na san ta, amma ta ƙi wuce maƙoshina.

Laraba da safe na zo da 'yar jakata, na ce ko da izini ko babu, yau zan kwana a hanya. Motar Potiskum ba ta jiran kowa, in ta cika ta tashi, kuma in na rasa ta sai dai in tarar an watse. Madam ta tare bakin ƙofa.

"Buɗe jaka."

'Yan mata suka tsayar da kekuna. Akwai wata Hajiya a zaune, ta zo zaɓen kayan jarirai, ita ma ta juyo. Madam ta zazzage jakata a ƙasa, zannuwana da carbina, sai ga shawul. Ta ɗaga shi sama.

"Ehe! Ga zaren da ya ɓace! Yau sai ofishin 'yan sanda!"

Ba 'yan sanda ne suka dame ni ba. Ni lissafin mota nake. Na ce, "Juya bayansa." Ta juya. Ƙulli ne birjik kamar ƙaya a jikin bushiya. Na ce, "Wanda ya saci ƙunshi guda, me zai kai shi wannan wahala? Bolar da kika ce in zubar ce."

Ta yi tsaki, amma ba ta saki ba. "Bolan ma nawa ne."

Hajiyar nan ta miƙo hannu ta shafa. "Kai, wannan aikin hannu ne. Madam, ki yi masa kuɗi, yanzu in biya."

Idon Madam ya yi haske. Ta ce, "Ka ji? A sayar, in ba ka rabonka, ka sayi na kasuwa ka aika wa yaran mutane. Ka zauna ka yi aikinka."

"Ba na sayarwa ba ne."

"Da ɗanka ne na cikinka, da na gane. Ni ma uwa ne. Amma kai yaranka biyu, maza, kai ka gaya mini da bakinka. Wannan na wa ne?"

Ta fara naɗe shi. Hajiya ta buɗe jaka. Na ga abin da na yi wata da watanni ina ƙullawa zai shige leda ya tafi gidan da ban sani ba, ni kuma in isa Nguru hannu rabbana kamar yadda na saba isa wurin yarinyar nan tun tana yaye. Na kama gefen shawul ɗin na riƙe.

Na ce, "'Yata ce. Ta fari. Ni na haife ta." Kuma na faɗi sunanta, da ƙarfi, a gaban arna da Musulmi, yara da manya.

Kada ku zuba mini ido, ba zan maimaita ba.

Madam ta ce, "To me ya sa ka yi mini ƙarya? Wane irin mutane ne ku, mutum ya ɓoye ɗansa?"

Kaina na ƙasa, zufa na keto mini a cikin sanyin nan. Hajiyar ce ta rufe jakarta. Bakatsiniya ce, ta san abin da ya faru. Ta ce, "Madam, sakar mata. Kin sa baiwar Allah ta tuɓe zane a kasuwa. Ni na fasa."

Madam ta jefo mini shi a ƙirji. "In ka fita ƙofan nan, ba aiki. Kuɗin watan nan ma ka manta."

Na ce, "Na yafe." Ina tattara zannuwana sai na ji wani abu ya faɗo a kai. Tsinken saƙa ne na gaske, guda biyu, Madam ta juya baya kamar ba ita ta jefo ba. Ga su nan a hannunki, Ummi, da su kike ƙunƙuni.

Da gudu na isa tasha, ɗan kamasho na rufe but ɗin mota. A kan buhun dankali na zauna har Potiskum. Na kwana a Gashuwa ban ko leƙa su Sale ba, da asuba na bi motar 'yan kasuwa ta Jajimaji, na shiga Nguru an riga an raɗa suna, mata sun cika tsakar gida.

Ban shiga ɗakin mai jego ba. Na miƙa wa Yaya ƙunshin na ce, "Ga wannan, a ba masu haihuwa." Na nemi tabarma can bakin murhu na zauna ina kallon tukunya. Yaya ta warware shi a tsakiyar mata, aka yi ta guɗa. Sai ta juya bayansa, ta tsaya. Ta ɗaga murya yadda na ɗaki zai ji.

"Wannan ai ƙullin komar marigayi ne. Da hannunta ta yi."

Can sai ga mai jego ta fito, jaririya naɗe cikin farin shawul na kanti da mijinta ya sayo. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ta zare na kantin ta miƙa wa wata, ta naɗe 'yar cikin nawa, ga zafin Nguru kamar bakin tanda. Ta ce wa Yaya, "Inna, ki ce wa baƙuwar Jos an gode."

Na ce wa tukunya, "Ba komai."

Haka na dawo, ba aiki, ba kuɗin wata, sai tsinke biyu. Da su na ciyar da Sale da Habu, don tun daga sunan nan mata suka fara aiko mini da zare daga Nguru har Karasuwa. Jaririyar kuwa ke ce, Ummi, kuma kin yi mini fitsari a kansa tun kafin la'asar.

Me? In faɗi sunan uwarki ki ji? Ja can, mara kunya. Sau ɗaya na faɗe shi a duniya, kuma ya cinye mini aikina. Warware layin nan, kin tsallake ido biyu.