Buhu Biyu Na Iya, Darasi Biyu Sun Kayar da Ni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, kai da masu sauraro.

Ni ɗan kasuwa ne a nan Garwa, shinkafar garin Maga nake sarowa. A BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, karatuna ya tsaya, kuma shagona da hannuna na kafa shi, ba wanda ya ɗora ni. Tun da na yi jinyar mahaifiyata nake son aikin asibiti, ga shi bana ce shekarar ƙarshe da shekaruna za su bar ni in zauna jarrabawar shiga makarantar jinya.

Na shiga ajin share fage, inda ake biyoloji da shimi, wato kemistiri. Malamin ya ce, "Alhaji, fara da biyoloji, shimi ta biyo baya." Na ce, "Malam, ni da nake saɓa buhu biyu?" Na haɗa su.

Wallahi na gaji. In na haddace sunayen ƙasusuwa, lissafin shimi ya gudu. In na kamo shi, ƙasusuwan sun watse. Gwajin da ya wuce duka biyun na faɗi.

'Yan matan ajinmu suna da ƙungiyar bita. Shugabarsu, sa'ar autarmu, ta ce, "Baba Alhaji, zo mana, tabarmar tana da faɗi, ba za mu gaya wa 'yan kasuwa ba." Suka kwashe da dariya.

Ban taɓa roƙon kowa komai ba. Amma in na ajiye darasi ɗaya, jarrabawar ta wuce ni har abada. Jama'a, ku ba ni shawara: in cire takalmi in hau tabarmar yaran nan?

Ina gaida abokaina na layin shinkafa. Ku yi dariyarku, na san kun gane muryata.