Ranar Komowa

A tashar Sabon Birni, Sadiƙa na zaune cikin motar Sakkwato da 'ya'yanta mata biyu, ana jiran mota ta cika. Wani dattijo da ba ta sani ba ya zauna gefenta.

"Ina za a kai yara, Malama?"

"Wurin wasa, Baba. Su hau lilo, su ga gari."

"Kun dai shirya? Wurin ga ba a zuwa haka nan. Bara na kai jikokina, mun ka iske layi har titi, ba ruwa ba guzuri. Ina za ku sauka?"

"Inda Allah ya nuhe mu."

"Da ƙananan yara? To, yaushe za ku komo?"

Sadiƙa ta dube shi. Ta san masauki, ta san ranar, amma a wannan hanya ba a faɗa wa baƙo rana, domin masu tare matafiya ba su rasa mai kai musu labari.

"Ba mu sa rana ba. Kai hwa, Baba, yaushe za ka komo?"

Dattijon ya matsa kaɗan. "Ni? Ban shirya komi ba. Don mi kike tambaya? Ɗiyar wa ce ke?"

Sai ƙaramar yarinyar ta ɗago kai. "Inna, ba Laraba kin ka ce Kawu Labbo ya tarbe mu ba?"

Dattijon ya dubi sauran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rage murya.

"Ni ban ji ba, ɗiyata. Amma ki sake rana."