Muryar Inna a Cikin Ƙarafa

A teburin wani Bahaushe mai sayar da kaset a Fordham Road ne, can ƙasar Turawa, cikin 1994. Wani direban tasi ya zo wucewa, ya tsaya cak.

"Malam, wane irin kiɗa ne wannan, kamar ana rushe maƙera?"

"Indastiriyal suke ce masa. Yaran Turawa ne ke haɗa ƙarar inji da jita, su tsinto muryar mutum su yanka su liƙa. Rimis na uku ke nan, wato karo na uku da suka sake haɗa waƙar nan."

"Mayar da shi baya, wajen muryar matar nan."

"Ai Hausa take yi. 'Yaushe za ka dawo?' Har Turawan sun haddace, suna tsalle suna faɗa."

"Inna lillahi. Mahaifiyata ce. Ba ta rubutu, kaset take aiko mini daga Maraɗi. Bara aka fasa motata aka kwashe su."

"Subhanallahi. Ka dai samu ka je?"

"Ta rasu da azumi."

Mai kaset ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi. Akwai wanda babu ƙarafan?"

"Babu."

"To ba ni duka ukun. Ba ni da muryarta a ko'ina."