Ranar da Fitilar Mota Ta Wanke Ni

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Dattawan ikilisiya, iyayenmu mata, matasa, barkanku da sujada. Fasto ya ce in taƙaita, amma ya san halina. Ku gyara zama, ku yi haƙuri da ni.

Sunana Bawa, a wurin baftisma aka sa mini Istifanus. Direba ne ni, haifaffen ƙasar Rogo. Ban yi boko ba. Ajami na koya tun ina ƙarami a zauren wani malami maƙwabcinmu, kuma da shi nake rubuta duk abin da ba na so in manta.

Ba zan ɓoye muku tsohuwar rayuwata ba. Na yi shekaru ina jan babbar mota, ina ɗaukar gyaɗa da hatsi daga Rogo zuwa Kano. Ina shan burkutu. Abin da ya fi wannan muni, ina zura tiyo a tanki in zuƙe man maigidana in sayar wa 'yan bumburutu, in cike gurbin da kananzir. A tashar Karaye ba a kirana Bawa kawai. Bawa Tiyo ake ce mini, kuma ina amsawa ina dariya.

Ubangiji ya kama ni, na tuba, na jefar da tiyon nan a masai. Amma sunan bai bi shi ba.

A cikin shekarun casa'in, lokacin da ake wahalar mai, Alhaji Sule, ɗan kasuwar hatsi a Karaye, ya sayo sabuwar mota fil daga wani kamfanin dillanci a Kano. Ya aika aka kira ni.

"Bawa, an ce ka shiga coci ka daina abin da kake yi."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"Mutum biyar sun ce kada in ɗauke ka. Ni kuma zan gwada ka."

Ya miƙo mini makulli. Ranar na koma gida na ce wa matata Rahila, "Yau wani ya yarda da ni." Muka durƙusa muka gode.

Motar nan ba irin waɗanda na sani ba ce. Ba ta da kafireto. Tana da wani ɗan akwati da kanikawa suke kira ƙwaƙwalwa, shi ke auna mata man da za ta sha. A gaban direba kuma akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji. Kamfanin ya ba da garanti na shekara guda: in wani abu ya lalace don daga can aka ƙera shi da aibu, su za su gyara. In kuwa laifin mai tuƙi ne, babu ruwansu.

Ni kuma ina da wata al'ada da na taso da ita a babbar mota. Duk tsohon direba da ke cikin ɗakin nan ya san ta. Da ka ajiye mota da yamma, sai ka ɗauko sifana lamba goma ka cire kan batir, don kada wata waya ta zuƙe wutar kafin safe. Maigidana na farko ya taɓa marina a kan na manta. Tun daga ranar ban ƙara mantawa ba. Sifanar nan a aljihuna take kwana. Haka na riƙa yi wa sabuwar motar Alhaji kowace yamma, ina jin ni mai amana ne.

Wata tara lafiya lau. Da bazara ta kama, sai abin ya fara. In mun yi tafiya mai nisa cikin rana, fitilar nan sai ta kama, motar ta fara shaƙewa, ta yi baƙin hayaƙi, ta mutu. In ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba, fitilar ma ta mutu. Kowane lokaci nakan rubuta a ɗan littafina: rana kaza, wuri kaza, ga inda na sha mai, ga tsayin rana.

Alhaji ya ce in kai ta kamfani. Na cire batir da yamma, na mayar da safe, na kama hanyar Kano. Suka duba, suka ba ni kati mai lambobi, suka ce in tafi. Bayan mako biyu ta sake. Na sake kai ta, suka sake ba ni kati. A karo na uku, wanda ya rubuta katin ya dube ni daga sama har ƙasa. Ni kuma na ninke katin na sa a aljihu, kusa da sifanata, na kawo wa Alhaji da hannu biyu.

Ban san abin da na ɗauko ba.

Alhaji yana da ƙane, Malam Garba, akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shi ya jera katunan uku a kan tabarma, ya juya bayansu inda aka fassara lambobin.

"Yaya, ka ga wannan gidan? A nan suke rubuta mai laifi. Lambar katin farko, ma'anarta an duba ba a ga komai ba. Na biyu ma haka. Na uku kuwa, gurɓataccen mai, laifin mai tuƙi. In an sa wannan lamba, garanti bai shafi gyaran ba." Sai ya ɗago ya dube ni. "Bawa, ashe tiyon yana nan?"

'Yan'uwa, na sunkuyar da kai. Me zan ce? Takarda ta faɗa, kuma ni na kawo ta.

Alhaji bai yi hukunci ranar ba. Kwana biyu bayan haka muna dawowa daga kasuwar Rogo da azahar, shi da baƙonsa a baya, motar ta mutu a tsakiyar hanya. Suka zauna a gindin wata ɗorawa suna fifita da hula har ta huce. Da muka iso gida, na shigar da ita gareji, na sa hannu a aljihu zan ɗauko sifana.

"Me za ka yi?"

"Batir zan cire, ranka ya daɗe."

"Kada ka ƙara taɓa motar nan. Ba ni makulli."

Ya rufe garejin da kwaɗo a gabana.

Hanyar gidana ta bi ta bayan gidan da ake dafa burkutu. Shekara huɗu ina wucewa ba na ko waiwaye. Ranar na tsaya. Warin ya bugi hancina, wata murya a zuciyata tana cewa, ai ko ka sha ko ba ka sha ba, Bawa Tiyo ne sunanka. Wani tsohon abokin shana ya hango ni ya ce, "Fasto Tiyo, an dawo gida ke nan? Shigo, ƙwaryarka tana nan ba a ba kowa ba." Ban san yadda ƙafafuna suka ɗauke ni daga wurin ba. Alherin Allah ne kawai.

Washegari da safe na tashi da wata damuwa. Batir yana jone. In wuta ta zuƙe, wani laifin ne kuma a kaina. Na san garejin nan yana da ƙofar baya da ba ta kulluwa sosai. Na ce wa Rahila zan lallaɓa in cire shi in fito, ba wanda zai gani.

Ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Baban Ladi, mutumin nan ya ce kada ka taɓa. In aka gan ka a can da ƙarfe a hannu, me za a ce ka je yi?"

"To in zauna in zuba ido?"

"A'a. Ka durƙusa."

Muka durƙusa a tsakar gida, kaji suna yawo a tsakaninmu. Ban iya doguwar addu'a ba ranar. Na ce, "Ya Ubangiji, ka san na yi sata a da, kuma ka gafarta mini. Wannan karon ban yi ba. Ba ni da mai shaida sai kai. Na yi dabarata ta ƙare. Na cire hannuna." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Da muka tashi, na zaro sifanar na ba Rahila. Ta jefa ta cikin tukunyar da take ajiye daddawa, ta rufe.

Kwana uku ina gida. A na huɗu na tuna da ɗan littafina. Alhaji bai yi boko ba, kamar ni, amma ajami yana karanta shi kamar ruwa. Na je na gaishe shi, na ajiye littafin a gabansa, na koma gefe na tsuguna. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa.

"Duk da rana tsaka take yi."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kuma ga ranar da ni da kaina na tsaya aka zuba mai a gidan mai, ranar ma ta yi." Ya rufe littafin. "Kananzir bai san azahar ba. Saura kwana shida garantin ya ƙare. Gobe za mu Kano, da ni. In sun sake faɗin abin da suka faɗa, kai da aikin nan kun rabu, kuma ba zan rufa maka asiri ba."

Da safe ya buɗe garejin. Na murɗa makulli. Ta tashi bugu ɗaya. Batirin da na hana kaina barci a kansa, ko gezau bai yi ba.

A kamfani Alhaji ya ce shi babban foman, shugaban kanikawa, yake so ya gani. Aka kira wani dattijo mai tabarau, Malam Iro. Ya ɗauko wata guntuwar waya, tsawonta bai kai yatsa ba, ya buɗe bonet, ya haɗa ramuka biyu a wani ɗan soket. Ya ce in murɗa makulli amma kada in tayar.

Fitilar nan ta fara ƙiftawa. Sau biyu, ta tsaya. Sau biyu, ta tsaya. Ta sake, ta sake.

"Biyu da biyu, lamba ashirin da biyu ke nan," in ji Malam Iro. Ya buɗe wani babban littafi. "Alhaji, motarka tana magana. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke auna zafin inji ya gaya wa ƙwaƙwalwa. Naka in ya ji zafi sai ya yi ƙarya, ya ce inji da sanyi, ita kuma ta kwararo mai har ta shaƙe. Ba ruwan mai a nan, ba ruwan direba. Daga can aka ƙera shi haka."

Sai ya ɗauki katunan nan uku ya ɓata fuska. "Abin da ban gane ba, sau uku yarana suna sa wannan waya, ba ta faɗi komai ba. Ƙwaƙwalwar nan tana riƙe laifi ko da fitila ta mutu. Ba ta mantawa, sai in an yanke mata wuta. Ko akwai mai cire batir?"

Alhaji ya san amsar, sai ya zuba mini ido. Ga shi yanzu aka wanke ni, ga kuma wani laifin yana jirana. Sai na tuna a gaban wa na durƙusa.

"Ni ne. Kowace yamma nake cirewa, tun ranar da aka sayo ta."

Malam Iro ya cire tabarau ya yi ta dariya har yana dafa mota. "Direban babbar mota ne, ko? Na sani! Malam, ka yi makarantar allo?"

"Na taɓa."

"To ita tana rubuta karatunta a allo, kai kuma kullum da yamma sai ka wanke mata. Ta zo gabanmu allo fari tas, me za ta biya?"

Ya ja layi a kan lambar da ta ce ni ɓarawo ne, ya rubuta ta aibun ƙira a madadinta, ya sa hannu. Na roƙe shi ya nuna mini ita. Na zana siffarta a littafina, a ƙarƙashi na rubuta da ajami: yau Ubangiji ya wanke ni. Halleluya!

Kafin la'asar an sa sabon ƙarfe a kan garanti. Muka kama hanyar gida. Da muka hango Karaye Alhaji ya ce, "Bawa, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini." Babban mutum kamar wannan! Na ce ni ma a yafe mini wautata. A ƙofar gida ya sa aka kira Malam Garba, ya ba shi katin ya ce ya karanta da ƙarfi, kamar yadda ya karanta a karon farko. Ya karanta, sannan ya miƙo mini hannu.

Labari ya riga ni isa tasha. Tun daga makon nan ba wanda ya ƙara ce mini Bawa Tiyo. Bawa Batir suke cewa. Wannan ina amsa shi da farin ciki. Na ƙara shekara goma sha ɗaya ina jan Alhaji.

'Yan'uwana, ku duba abin da Allah ya yi. Shaidar da za ta kuɓutar da ni tana cikin motar tun ranar farko, ni nake goge ta da hannuna, ina ce ƙwazo nake yi. Ranar da aka ƙwace mini makulli na ɗauka ƙarshena ne ya zo, ashe ranar aka fara cetona. Da na bi ta ƙofar bayan nan a waccan safiyar, da yau ba ni ne a gabanku ba.

Wataƙila akwai wani a nan da tsohon sunansa yake binsa, ko wanda aka rufe masa ƙofa da kwaɗo. Kada ka nemi ƙofar baya. Ka gaya wa Yesu, ka riƙe gaskiya, ka cire hannunka. Yana gani, kuma ba ya makara.

Ga sifanar nan, na roƙo ta wurin Rahila don ku gani. Har yau tana warin daddawa. In an tashi sujada zan mayar mata.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Ubangiji, cikin sunan Yesu. Amin.