Falon Maman Rahila Ya Dawo Mana da Baba

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Barkin Sale.

A zafin bana mahaifina ya wayi gari bai gane kowa ba, jikinsa zau, ko gumi babu. Mu da kanmu muka hana shi fanka, wai iska na kama ƙashin tsoho. Har mun fara kiran dangi.

Maƙwabciyarmu Maman Rahila, mai wutar sola a gida, ta ce, "Ku kawo Baba falona." Ta kunna na'urar sanyaya ɗaki, tana ba shi ruwa cokali-cokali. Kafin la'asar ya buɗe ido ya ce, "Hadiza, an yi azahar?"

Ikon Allah. Likitan da ya duba shi daga baya ya ce zafi ne kawai.

Ina gaida Maman Rahila. Masu sauraro, mu da ba mu da na'urar, yaya za mu yi da tsofaffinmu?